Wa Zai Biya? Samar wa Direba Mai Naƙasa Abin Hawan da Ya Dace da Jikinsa

 

Shugaban wannan zama, wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Guragu da jama'arsa, waɗanda su ne masu taron. Shugabannin direbobi da na 'yan Keke. Iyayenmu mata da ke can gefen dama. 'Yan uwa maza da mata.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman nan a Auyo, suka kuma ba ni batu mai wuya. An ce in yi magana a kan yadda za a samo kuɗin abin hawan da aka gyara wa direba mai naƙasa. Ko mota ce, ko Keke Napep, ko babur mai taya uku, tambayar ɗaya ce: wa zai biya? Zan faɗi matsayina tun yanzu, don wanda zai fita sallah kafin in gama ya tafi da shi. Kuɗin abin hawan irin wannan kashi uku ne: kuɗin sayensa, kuɗin sauya shi ya dace da jikin mai shi, da kuɗin riƙe shi a kan hanya. Ra'ayina shi ne na farko direba ya biya da guminsa a hankali, na biyu al'umma ta biya kyauta, na uku kuma a yi masa asusu. Yawancin asarar da muke gani ta samo asali ne daga cakuɗa ukun nan wuri guda.

Batu na ɗaya: wane ne direban?

In aka ce direba mai naƙasa, zuciya takan tafi ga wanda shan inna ta taɓa yana yaro. Haka ne, suna da yawa a ƙasar Hausa. A 2003 an dakatar da rigakafin cutar a Kano, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake bazuwa. Yaran da ta kama a shekarun nan yanzu sun haura ashirin, shekarun neman sana'a da neman aure. An ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, amma sanarwar ba ta mayar wa kowa ƙafarsa ba.

Sai dai ba su kaɗai ba ne. Akwai tsohon direban babbar mota da ya yi haɗari aka yanke masa ƙafa. Akwai ɗan acaɓan da laka ta taɓu, ya dawo daga asibitin ƙashi na Dala a kan keken guragu. Akwai wanda ciwon suga ya ci wa ƙafa. Akwai malamar firamare da aka tura ƙauye, wadda ba haya za ta yi ba, aiki kawai take son zuwa ba tare da an ɗauke ta cak an ɗora a bayan babur ba. Kowane daga cikinsu buƙatarsa daban. Wanda ƙafar damarsa ce ta tafi, ta hagu kuma lafiya lau, mota mai canja giya da kanta ta ishe shi idan aka mayar masa da totur ɓangaren hagu. Wanda ƙafafunsa biyu ba sa aiki, sai an kawo masa komai hannu. Wanda hannu ɗaya ne mai ƙarfi, shi kuma sai an ɗaura masa ɗan maƙalli a jikin sitiyari don ya juya da hannu guda. Duk wanda ya sayo ababen hawa iri ɗaya guda hamsin ya ce na naƙasassu ne, bai tambayi kowa ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. A zauna da mutumin tukuna, a ga yadda yake hawa da yadda yake sauka, sannan a tafi kasuwa.

Batu na biyu: me ake sauyawa, kuma wa ke sauya shi?

A nan akwai labari mai daɗi da mutane ba su lura da shi ba. Keke Napep, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, kusan da hannu ake tuƙa shi gaba ɗaya. Totur yana hannun dama, kuloci da giya suna hannun hagu. Abu guda ne ke ƙafa, shi ne birki. In an ɗauko birkin nan an kawo shi hannu, an gyara mazauni, an yi wurin rataye sanda, to aiki ya ƙare. Ku kwatanta da mota, wadda sai an nemo mai canja giya da kanta, a haɗa sanda guda da birki da totur, ka tura gaba ta tsaya, ka ja baya ta tafi. Babur kuma sai an ƙara masa tayu a baya don kada ya faɗi in ya tsaya, a kawo giya da birkin baya hannu.

Waɗannan ayyuka ba baƙi ba ne a wurinmu. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi shekaru da dama tana ƙera kekunan hannu tana kuma mayar da babura masu taya uku, masu waldar ma yawancinsu guragu ne. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta taɓa, ya kafa masana'antar kekunan hannu da ake rabawa kyauta, a 2024 kuma aka naɗa shi ya shugabanci hukumar masu naƙasa ta ƙasa. Ashe fasahar tana gida.

Amma bari in yi wa masu walda magana, na ga wasunsu a bakin ƙofa. Birki ba ƙyauren shago ba ne. Ƙarfen da aka liƙa da walda ɗigo biyu, ranar da direba ya ja shi da ƙarfi a gaban yaro mai tsallaka titi, ranar zai ɓalle. Mai ƙafa in birki ya ƙi, yana iya dira. Wannan direban fa? Don haka kuɗin sauyawa ba wurin tsimi ba ne. A nemi gwani, a yi da ƙarfe mai kyau, a gwada da kaya a kai, a kai wa jami'an duba ababen hawa su gani. Cikin rukunan lasin tuƙi na Najeriya akwai rukuni na musamman, mai harafin J, wanda aka ware wa masu naƙasa. Mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa jin haka? Kuɗin koyon tuƙi da na lasi da na lamba duk su shiga lissafi tun farko, don kada a miƙa wa bawan Allah mukulli yau, gobe a kama shi a shingen hanyar Hadejia.

To me ya sa na ce wannan kashin al'umma ce za ta biya? Saboda shi ne kuɗin da naƙasa ta ɗora masa wanda ba ta ɗora wa maƙwabcinsa ba. Mutum biyu sun sayi Keke rana ɗaya, farashi ɗaya. Ɗaya ya fita haya washegari. Ɗayan sai ya ƙara kuɗi, ya kai Kano, ya jira mai walda. Fasinja kuwa ba zai ƙara masa ko sisi ba don birkinsa na hannu ne. Wannan ratar ita ce haƙƙin da ke kanmu. In mun cike ta, sun tashi daidai, sauran kuma ya rage tsakanin kowa da ƙwazonsa.

Batu na uku: gwamnati.

Jigawa tana da abin tinƙaho a nan, kuma ya kamata a faɗa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata, mutum 150 a kowace ƙaramar hukuma cikin 27. A lokacin babu jihar da ke yin irin haka a kusa da mu. Jihar ta kuma yi dokarta ta masu naƙasa zamanin Gwamna Badaru Abubakar, kafin ta tarayya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar tarayyar ta hana wariya, ta ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da motocin haya yadda mai naƙasa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ku fita tasha ku duba da idonku.

Amma dokar ta fi kallon mai naƙasa a matsayin fasinja. Ba ta buɗe wani asusun sayen abin hawa ga wanda shi zai tuƙa ba. Kuɗin wata kuwa na cefane ne. Mu yi lissafi da adadin farko: 7,000 sau 12, naira 84,000 ke nan a shekara. Ko da mutum bai ci ko ƙwandala ba, sai ya kusa shekara goma sha biyu kafin ya tara miliyan ɗaya. Sabon Keke kuwa yau miliyoyi ake magana, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya.

Sai rabon 'yan siyasa. Ba na raina kyauta, Allah ya saka wa mai bayarwa. Amma kowa a nan ya san yadda take ƙarewa. A jera babura a fili, a ɗauki hoto, a tashi. Wanda aka ba bai iya hawa ba don ba a sauya masa komai ba, ga yunwa a gida, ga dillali tsaye a bakin ƙofar fili da kuɗi a aljihu. Kafin la'asar an sayar da shi a rabin kuɗi. Sai a ce ai ba sa son sana'a, bara suka fi so. Wa ya yi laifin? Wanda ya sayar da abin da ba zai iya hawa ba, ko wanda ya ba shi?

Batu na huɗu: abin da Ingila ta koya.

Zan ɗan fita waje, ba don mu kwaikwayi Turawa ba, sai don su ma sun fara da irin kuskurenmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta riƙa ba naƙasassu wata 'yar mota shuɗiya mai taya uku, mazauni ɗaya, iri ɗaya ga kowa. Masu ita suka yi ta ƙorafi: iska na jijjiga ta, ba ta da aminci, kuma mutum ba zai ɗauki matarsa ko ɗansa ba. A 1976 aka fito da alawus na zirga-zirga, kuɗi a hannu. Nan ma aka ga kuɗin bai isa sayen mota ba. Sai a 1977 aka kafa tsarin Motability, gwamnati da bankuna da masu taimako suka haɗu. Mai naƙasa ya yarda a riƙa tura alawus ɗinsa kai tsaye ga tsarin, shi kuma a ba shi hayar sabuwar mota ta shekara uku, da inshora da sabis da tayu duk a ciki. Ƙananan sauye-sauye da yawa ba a cajinsu, masu tsada kuma akwai gidauniyar da ke tallafawa. Bayan wa'adi a karɓi motar a sayar, a ba shi wata. Yau dubban ɗaruruwan mutane ne ke cikin tsarin. Shuɗiyar motar nan kuwa an janye ta daga hanya a 2003.

Alawus ɗinsu ba irin namu ba ne, kada mu ruɗi kanmu. Abin ɗauka biyu ne. Ɗaya, kuɗi kaɗan mai zuwa duk wata babu fashi, banki yana girmama shi, domin ya san inda zai fito. Biyu, ba su taɓa raba mota da gyaranta ba.

Batu na biyar, kuma a nan zan daɗe: aljihunan da muke da su a gida.

Mu fara da zakka. Masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka, kuma ƙasar Hadejia ƙasar noma ce, buhunan shinkafa da gero suna taruwa duk kaka. Yawanci ana rabawa ne mudu-mudu da 'yan dubbai, kowa ya samu, bayan mako biyu kowa ya koma inda yake. Malamai suna nan, su gyara mini: a mazhabarmu ta Malikiyya an halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara, malaman Shafi'iyya ma sun tafi a kan a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa komai tsadarsu. To in kwamiti ya ware wani kaso duk shekara don kuɗin sauya abin hawa da kafin alƙalami na mutum uku ko biyar, ya saɓa wa shari'a? Abin kiyayewa guda ne. Zakka mallaka ake yi wa mai karɓa, ba rance ba ce, saboda haka ba a cewa ya dawo da ita. Shi ya sa ta dace da kashin kyauta, ba ta dace da kashin bashi ba.

Kashin bashi wurinsa wakafi ne da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. Mun saba ɗaukar wakafi masallaci ne ko rijiya, alhali Malikiyya sun yarda a yi wakafin abin da ke motsi, har dabba, har ma na ɗan lokaci. Sahabi Khalid bin Walid sulkensa da kayan yaƙinsa ya tsare saboda Allah. Attajirin da ya sayi Keke biyar ya sa su wakafi, direbobi suna biyan balas mai sauƙi, kuɗin na komawa asusu ana sayen na shida, ya yi sadaka mai gudana wadda ake gani tana gudu a kan kwalta. Ta ɓangaren banki kuwa, tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, hanyar murabaha ta zama sananniya: banki ya sayi kaya, ya sayar maka da ribar da aka faɗa a fili, ka biya kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce jingina da mai tsayawa. Gurgun da ke Gatafa a nan Auyo wace takardar fili zai kai? A nan ne gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma za ta fi amfani. Maimakon ta sayi babura ta raba, ta ajiye kuɗin a matsayin lamuni, ta ce wa banki in wannan ya gaza, ni zan cike. Kuɗin da zai sayi Keke goma kyauta, in ya zama lamuni, ya tsaya wa mutane da yawa fiye da goma, tun da ba duka ne za su gaza ba.

Wani zai ce, malam, ba ka da tausayi, mai naƙasa za ka ɗora wa bashi? Ina amsa masa da tambaya. 'Yan Keken da ke cike da titunan Hadejia da Dutse da Kano, nawa ne suka saya da tsabar kuɗinsu? Yawanci wani ne ya saya ya ba su, suna biyan balas kullum ko duk mako har su mallaka, sau da yawa da ƙari mai nauyi. Kasuwa ta yarda da mai ƙafa ta ba shi bashi. Hana gurgu wannan amanar shi ne rashin adalcin, ba ba shi ita ba. Amru bin Jamuh gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu don tausayi, ya ƙi, ya kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kuma fita. Tausayin da ke zaunar da mutum ba kowa ke so ba.

Kafin alƙalami kuma, wato abin da direba zai fara ajiyewa, adashe ya isa ya yi shi. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Ƙungiyar guragu mai mutum ashirin, in ta yi zubi tana ba wanda layi ya zo kansa, ga kuɗin farko ga kuma shaidu goma sha tara da ba za su bari ya sayar da Keken a ɓoye ba, domin kwasar na baya tana rataye da biyan na gaba.

Kuɗin intanet fa? Na san samarinmu za su tambaya. Ana sa hoton mutum a Facebook, a ba da lambar asusu, wani lokaci kuɗi su taru. Yana yi wa mutum ɗaya, wanda hotonsa ya fi taɓa zuciya. Ba tsari ba ne, kuma yakan bar mutum da tallan raunin jikinsa a wayar kowa har abada. In za a yi, a nemi yardarsa, a sa asusun ƙungiya mai sa hannu biyu, a nuna rasit.

Batu na shida: Auyo ba Kano ba ce.

Duk abin da na faɗa, sai an auna shi da ƙasar nan. Muna cikin kwarin kogin Hadejia. A farkon 2023 Shugaba Buhari ya zo nan ya buɗe aikin noman rani na kwarin Hadejia bayan an gyara shi, fili sama da hekta 5,000. Shinkafa, alkama, tumatir, albasa, tattasai, duk sai an ɗauko su daga gona zuwa bakin kwalta. Saboda haka mai yiwuwa abin da ya fi dacewa da direbanmu ba Keken fasinja ba ne, babur mai taya uku ne na dakon kaya, mai bodi a baya. Ba shi zai yi lodi ba, masu kaya ke yi. Ya ɗauko kwandunan tumatir daga wajen Gamsarka ko Ayama, ya kai taki da injin ban ruwa, ya dawo da buhuna. Aikin da amalanke ke yi a yini, ya yi shi kafin hantsi.

Amma kogin da ke ba mu abinci shi ke cinye hanya. A 2020 da 2022 mun ga yadda ruwa ya yi da Auyo da Kafin Hausa da Hadejia, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tana tura shi gonaki da gidaje. A irin watannin nan direba ba ya fita, in ya fita ma injin ya sha ruwa. Mai ƙafa in ya kafe a taɓo zai sauka ya tura. Namu sai ya jira mai taimako. To bashin da aka tsara a ofis a birni, biya iri ɗaya kowane wata, zai karya shi a watan Agusta. A tsara biyan yadda shekararmu take: mai nauyi lokacin girbin shinkafa da kakar tumatir, mai sauƙi a bazara, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya a tsakiyar damina, a rubuta haka cikin yarjejeniya tun ranar farko ba sai an je roƙo ba.

Kashi na uku, kuɗin riƙewa, a nan yake shigowa. Daga kowane balas a cire wani abu kaɗan a zuba asusun gyara wanda direba ba zai taɓa ba sai don taya, baƙin mai, birki, ko saukar da inji. A yi inshora, akwai ta takaful ga mai gudun shubuha. A zaɓi samfurin da bakanikenmu ya sani, wanda kayan gyaransa ke Hadejia, ba wanda sai an aika Legas ba. A kuma tura yaro ɗaya ko biyu daga cikin masu naƙasa zuwa Kano su koyi sauya birki da giya, don ranar da sandar ta lanƙwashe kada a ɗora Keke a mota har Kano saboda ƙarfe ɗaya. Ku kuma shugabannin tasha, ranku ya daɗe, akwai gudummawar da ba ta cin ku ko kwabo: ku ba shi layi kusa da inda zai iya sauka ya yi alwala, ku hana yaranku wasa da shi a gaban fasinja.

Na ga shugaban zama yana duban agogo.  Yanzu fili naku ne. Ina roƙon a fara ba Sarkin Guragu da jama'arsa abin magana, musamman waɗanda suka riga suka taɓa tuƙi, sannan malamai a kan zancen zakka da wakafi, sai sauran jama'a.